Yaya ake tsara aiki yadda ba zai karye ba idan kasuwa ta juya?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni dila ne a Kano, muna sauke kayan masarufi daga kamfanoni muna ba 'yan sari na cikin gari da na ƙauyuka. Da harkar ta girma na sa aka rubuta mana tsarin aiki: yadda ake karɓar oda, yadda ake biya, yadda ake fitar da kaya daga sito, da wanda za a ba bashi. Da farko ya yi amfani. Yanzu rabin abin da ke takardar ba a bin sa, yara sun ce ba ya yiwuwa. In na matsa a bi sai ciniki ya tsaya, in na sake sai kaya su riƙa ɓata. Yaya ake tsara aiki ya riƙa tafiya da zamani, ba tare da kowa ya koma yin abin da ya ga dama ba?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a cikin nema.

Irin takardar da ka kwatanta na sha karantawa a shaguna da masana'antu da ofisoshi, kuma kusan kullum ciwonta guda ne. Tana faɗin abin da za a yi, ta yi shiru a kan dalilin yin sa. Muddin kasuwa tana nan yadda take ranar da aka rubuta ta, ba mai lura da wannan giɓi. Ranar da al'amura suka juya kuwa, yaron da ke tsaye a bakin sito ba shi da ma'aunin da zai gane wane layi ne zai iya tsallakewa, wane ne kuma in ya taɓa shi gini zai zube. Sai ya ɗauki ɗayan biyu: ko ya kafe a kan takarda ciniki ya tsaya, ko ya yar da ita baki ɗaya kaya su bi iska. Abin da kake gani a wurinka ke nan, kuma ba lalle ne a ce yaranka marasa amana ne ba.

Mu ɗauki layi guda wanda da wuya a rasa shi a takardar dila: "Ba a fitar da kaya daga sito sai kashiya ya ƙirga kuɗi ya buga hatimi a rasit." Jimla ɗaya ce, amma abu uku ne a cakuɗe a cikinta. Akwai manufa, wato kada kaya su bar hannunmu alhali kuɗinsu bai tabbata ba. Akwai sharaɗi, wato wanda ya tabbatar da biya ya zama daban da wanda ke riƙe da makullin sito, kuma a bar shaidar da za a iya dubawa daga baya. Sannan akwai hanya: tsabar kuɗi, ƙirgawa, hatimi, rasit. Manufa takan yi shekaru ba ta motsa ba. Sharaɗi yakan sauya jefi-jefi, idan doka ta sauya ko harka ta ƙara girma. Hanya kuwa tana iya mutuwa cikin dare ɗaya.

Kai da kanka ka ga ta mutu. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa 31 ga Janairu 2023 wa'adin daina karɓar tsofaffi, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba su wadata ba. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekarar. A tsakanin nan kashiya yana zaune ba abin da zai ƙirga. Wurin da aka rubuta hanya kaɗai, sai aka yi watsi da layin gaba ɗayansa, har da sharaɗin da ke ɓoye a ciki: kwastoma ya nuna alat a wayarsa, yaron sito ya leƙa ya buɗe ƙofa. Ta nan masu alat ɗin bogi suka shiga. Wurin da aka san manufa kuwa, hanya kawai aka musanya. Kashiya ya daina ƙirga takardu, ya koma duba asusun kamfani da idonsa ya ga kuɗi sun zauna, sannan ya sa hannu. Mai biya daban, mai tabbatarwa daban, mai makulli daban, kamar jiya.

Nakan kwatanta wannan da rumfar kasuwa. Zanar da ke sama ana sauya ta idan gara ta ci ko iska ta yage, ba wanda zai ce rumfa ta rushe. Dirka ce ba a taɓawa. Takardar aiki mai kyau tana nuna wa ƙaramin yaron shago wacce ce dirka wacce ce zana, kuma abin da taka ta rasa ke nan.

To ta yaya ake gano dirkar? Da tambayar "don me". Ka ɗauki kowane mataki a takardarka ka tambaya don me ake yin sa, amsar da aka ba ka ita ma ka tambaye ta don me, har ka kai wurin da amsa ta zama abin da aka kafa harkar dominsa. Taiichi Ohno, injiniyan da ya gina tsarin aikin Toyota bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya koya wa mutanensa su maimaita wannan tambaya sau biyar idan matsala ta taso. Ba adadin ne abin riƙewa ba, abin nufi kada a tsaya a amsar farko. Za ka tarar wasu matakai amsarsu tana ƙarewa a "haka muka tarar ana yi", ko "tun lokacin da wane ya yi mana ɓarna", alhali wanen ya bar wurin da shekaru. Irin waɗannan a ajiye su gefe, su ne na farko da za a cire.

Idan ka hau sama da "don me", sai ka sauko da "ta yaya". Masana da suka yi suna a wannan fanni a shekarun 1990, irin su Axel van Lamsweerde na Jami'ar Louvain a Beljiyam da Eric Yu na Jami'ar Toronto a Kanada, sun tsara hanyoyin zana manufa kamar itace mai rassa. Asali sun yi su ne domin masu gina manhajar kwamfuta, amma tunanin yana aiki ko a kan farar takarda da biro. Jigonsa shi ne rassa iri biyu ne. Akwai rassan "da", inda sai an cika duka kafin manufa ta cika: kaya su kai ga kwastoma yana bukatar a lodi daidai, da a kai kan lokaci, da a karɓo shaidar isa. Akwai kuma rassan "ko", inda ɗaya ya isa: biya ya tabbata ta tsabar kuɗi, ko taransfa da aka gani a asusu, ko POS, ko bashin da aka amince da shi a rubuce. Sassaucin tsari duk yana wurin rassan "ko". Duk inda ka ga manufa tana rataye da reshe guda tal, to nan ne harkarka za ta tsaya ranar da reshen ya karye.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi mai ajali da kafa shaidu. A cikinta aka ɗauke laifin rashin rubutawa idan ciniki ne na hannu da hannu. Ayar da ke bin ta kuma ta ce idan ana halin tafiya ba a sami marubuci ba, to a riƙe jingina. Abin da ake karewa guda ne, haƙƙin mai dukiya da kauce wa jayayya, amma an bambanta hanya gwargwadon hali. Duk lokacin da na zauna da 'yan kasuwarmu a kan tsarin bashi, da wannan nake farawa, domin kowa yana gane shi nan take.

Akwai wurin da aikin yake da nauyi, kuma ba wanda zai ɗauke maka shi. Manufofi suna karo da juna. Kana son sauri, kana son tsaron dukiya, kana son mutunta tsohon kwastoma, kana son rage kashe kuɗi, kuma ba sa cika gaba ɗaya a lokaci guda. A ce ɗan sari ya zo daga ƙauye, shekara da shekaru kuna tare, motarsa tana jira, magariba ta kusa, ya yi taransfa an cire masa amma netwok ya hana kuɗin shigowa. Sauri da mutunci suna cewa a ba shi, tsaro yana cewa a dakata. Idan kai mai dukiya ba ka riga ka faɗi wanne ke gaba a irin wannan hali ba, to ka bar hukuncin a hannun yaron da ya fi kowa ƙarancin albashi, gobe kuma ka yi masa faɗa ko ta wace fuska ya yanke. Sai ka zauna ka yanke tun da wuri: kwastoman da ke cikin jerin amintattu, manaja yana iya sakin masa kaya har iyaka kaza, a rubuta shi a matsayin bashin kwana ɗaya, a bi shi da safe. Wanda ba ya cikin jerin, kayansa su kwana a ware da sunansa. Da zarar ka yi haka, abin da jiya yake karya doka ya zama reshe a cikin tsari.

Yanzu bari in ba ka labarin kamfanoni biyu na Amurka da ake koyar da su a wannan fanni, domin kowannensu yana da darasin da ya shafe ka kai tsaye.

A farkon shekarun 1980 sashen biyan masu kawo kaya na kamfanin Ford a Arewacin Amurka yana da ma'aikata sama da 500. Shugabanni suka yi niyyar sa kwamfuta su rage kashi 20 cikin 100. Sai suka duba Mazda ta Japan, wadda suke da hannun jari a cikinta, suka tarar mutum 5 ne ke wannan aiki. Ko an yi la'akari da bambancin girman kamfanonin biyu, tazarar ta yi yawa. Da suka bincika sai suka ga yawancin lokacin akawunsu yana tafiya ne wajen daidaita takardu uku: takardar oda, takardar karɓar kaya, da takardar neman biya da mai kaya ya aiko, ana gwada abubuwa 14 a tsakaninsu, ana bin sawun duk wanda bai yi daidai ba. Sai suka tambayi kansu mene ne manufa. Manufa ita ce a biya kuɗin abin da aka yi oda kuma ya iso. Takardar neman biya ba ta cikin manufar. Suka cire ta, suka mayar da doka daga "muna biya idan takarda ta zo" zuwa "muna biya idan kaya suka zo". Mai karɓar kaya a bakin sito ya duba a kwamfuta, in sun dace da oda ya karɓa, biya ya biyo baya, in ba su dace ba ya mayar. Abubuwan gwadawa suka koma 3, ma'aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin 100. Michael Hammer, wani masanin tsarin aiki ɗan Amurka, shi ne ya yaɗa labarin a wata maƙala a 1990. Abin da nake so ka ɗauka: da sun fara da sayen kwamfuta, da sun ƙara wa aikin banza gudu ne kawai. Ina faɗin haka ne saboda na san masu tallar manhaja za su zo maka, in ma ba su riga sun zo ba. Kada ka sayi komai sai ka gama tantance manufa da sharaɗi, domin manhaja takan daskarar da tsarin da ta tarar, mai kyau ne ko maras kyau.

Na biyu shi ne IBM Credit, reshen da ke ba masu sayen kwamfutocin IBM rance. Takardar neman rance takan ratsa ofis biyar, takan ɗauki kwana 6, wani lokaci har mako 2, kafin nan mai saye ya sami wani wurin. Manyan ma'aikata biyu suka ɗauki takarda guda da hannunsu suka bi ta ofis-ofis, suna roƙon kowa ya ajiye abin da yake yi ya duba ta nan take. Aikin gaba ɗaya ya ƙare a minti 90. Sauran kwanakin duk zaman jira ne a kan tebur. Suka kuma gano an gina tsarin ne kamar kowace takarda mai wuya ce, alhali yawancinsu masu sauƙi ne. Sai suka ba mutum guda ya riƙe takarda daga farko har ƙarshe da taimakon kwamfuta, masu wuyar kaɗai ake kai wa ƙwararru. Lokaci ya sauko zuwa awa 4.

Ka gwada wannan a wurinka, ba ya cin ko sisi. Ka bi oda guda da ƙafarka daga kiran waya har mota ta tashi, kana duba agogo. Gani ya kori ji. Sannan ka raba odarka gida uku: ta yau da kullum wadda aka biya kuɗinta, ta bashi, da mai rikici kamar kayan da aka dawo da su ko saɓanin lissafi. Ta farko ta wuce da sa hannu biyu kacal. Ta biyu ta bi ta wurin mai duba littafin bashi. Ta uku ce kaɗai za ta iso teburinka. Yawancin takardun aiki da na gani suna sa mai sayen katan goma da kuɗi a hannu ya bi layin da aka shimfiɗa domin mai neman bashin tirela, shi ya sa yara ke tsallakewa.

Wani abu da ke saurin tsufar da takarda shi ne lambobi. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Litar fetur da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki bayan jawabin cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu 2023. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, farashin kaya ya riƙa sauyawa kusan kowane mako. Duk takardar da aka rubuta iyakar bashi ko kuɗin kai kaya ko rangwame a cikin jikinta, ta zama ƙarya a wannan lokaci, kuma idan yaro ya ga layi ɗaya ƙarya ne, sauran ma sai ya daina girmama su. Maganinsa a fitar da lambobi daga jikin tsari. Tsari ya ce "a duba jadawalin bashi", jadawalin kuma ya zama shafi guda daban, mai kwanan wata da sa hannunka, wanda za a iya sauyawa ranar Litinin ba tare da an taɓa komai ba. Manyan kamfanoni ma haka suke yi: suna zana tafiyar aiki da ƙa'idar da ake kira BPMN, su ajiye dokokin yanke hukunci a jadawali daban da wata ƙa'idar mai suna DMN, domin a sauya ɗaya ba a rushe ɗaya ba. Kai ba ka bukatar waɗannan sunaye, rabuwar kawai kake bukata. Shawarata kuma, iyakar bashi ka auna ta da katan ko buhu da adadin kwanaki, domin naira tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, katan kuwa katan ne.

Sai maganar shiri tun kafin rana ta ɓaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace manufa ka tambaye ta: me zai iya hana ki cika? Netwok ya ɗauke, mota ta lalace a hanya, kamfani ya tsayar da lodi, an rufe iyaka kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kashiya ya kwanta rashin lafiya, kai kanka ka tafi Umara. Ba duka za ka yi wa tanadi ba, sai waɗanda suke yawan faruwa ko waɗanda in sun faru ɓarnarsu babba ce. Toyota ta shahara da ƙin tara kaya a sito, komai sai lokacin bukatarsa yake isowa. Ranar 1 ga Fabrairu 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke garin Kariya a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke ƙera mata wani ƙaramin bawul na birki, abin da ke hannu kuma na 'yan kwanaki ne. Kamfanoni gommai, har da wanda aka sani da ƙera keken ɗinki, suka karɓi zanen bawul ɗin suka shiga ƙerawa, cikin kusan mako guda layukan Toyota suka dawo aiki. Amma girgizar ƙasar da ta auka wa Japan ranar 11 ga Maris 2011 ta nuna musu akwai kayan da ba a yi musu irin wannan gudunmawa, musamman 'yan ƙwayoyin lantarkin nan da suke zama ƙwaƙwalwar motar zamani, domin ƙera su yana ɗaukar watanni. Sai suka bukaci masu kawo musu su riƙa ajiye na wata 2 zuwa 6. Ga kamfanin da sunansa ya ginu a kan ƙin ajiya, wannan babban sauyi ne, amma manufarsu dama ita ce aiki ya gudana ba tare da asara ba, ƙin ajiya hanya ce. Da ƙarancin ƙwayoyin ya game duniya a 2021, sun fi takwarorinsu jurewa a farkon lamarin, har suka zarce General Motors a yawan cinikin mota a Amurka, matsayin da General Motors take riƙe da shi tun 1931. Duk da haka a Satumbar shekarar sai da suka rage ƙira da kusan kashi 40 cikin 100. Tanadi yana sayo maka lokaci ne, ba ya kawar da ƙaddara.

Idan da za a ce in zaɓi abu guda in ba ka daga duk wannan bayani, to littafin kaucewa ne. Littafi ne na talaka, irin na 'yan makaranta, a ajiye a sito. Duk wanda ya kauce wa tsari, ya rubuta rana, abin da ya yi, da dalilinsa. Ka yi alkawari a gaban kowa, ka kuma cika shi: wanda ya kauce ya rubuta ba za a ci mutuncinsa ba ko da hukuncinsa bai yi daidai ba, za a zauna a gyara ne, amma wanda ya kauce ya ɓoye shi ne mai laifi. A masana'antun Toyota akwai igiya da kowane ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga matsala, shugaban rukuni ya taho, in ba a warware ba layi ya tsaya. Sun fahimci cewa matsalar da ta fito fili ta fi arha a kan wadda aka binne. Littafin nan shi ne igiyarka. Ƙarshen kowane wata ka zauna da manaja da kashiya da mai sito ku karanta. Kaucewar da ta maimaitu sau uku da dalili iri ɗaya ta daina zama kaucewa, kasuwa ce take gaya maka akwai reshen da ba ka zana ba. Ko ka shigar da ita tsari da sharuɗɗanta, ko ka toshe ta ka bayyana dalili. Ta haka takarda take rayuwa. Rabin da ka ce yara ba sa bi a yanzu, ka fara da tambayarsu me suke yi a madadinsa, za ka yi mamakin yadda wasu dabarunsu suka fi abin da aka rubuta.

Ka kula da abin da kake aunawa. Biyu ko uku sun isa, kuma su fito daga manufa: tsawon lokaci daga oda zuwa tashin mota, bambanci tsakanin littafi da abin da aka ƙirga a sito, da bashin da ya wuce wa'adi. Idan ka auna yaran talla da yawan abin da suka fitar kaɗai, za su cika maka littafi da bashin da ba ya dawowa, kuma kai ka koya musu.

Saura maganar mutane, wadda ta fi duk sauran wuya. Salon Hammer na rushe tsari a sake gini ya bazu a Amurka a shekarun 1990, kamfanoni da yawa suka mayar da shi hujjar korar ma'aikata, har sunansa ya ɓaci. Shi da kansa daga baya ya amsa cewa bai ba ɓangaren ɗan Adam muhimmancin da ya kamata ba. Ni ma na taɓa yin wannan kuskure a wani wuri da aka kira ni: na tsara komai da shugabanni a ofis, ban zauna da dattijon da ya shekara da shekaru yana riƙe da sito ba. Shi ya san wane kwastoma ke biya bayan girbi, wane direba ba a ba shi hanya mai nisa, wane kaya ke lalacewa idan an jera shi kusa da bango da damina. Tsarin bai yi wata uku ba ya zube, sai da muka koma muka fara daga wurinsa. Ka sa masu aikin a cikin rubutun tun daga farko, domin abin da mutum ya sa hannu aka gina shi yake karewa.

A harka irin taka kuma na san akwai ƙanne da 'ya'ya da 'ya'yan 'yan'uwa. Raba mai tabbatar da biya da mai makulli yakan zo musu kamar zargi. Ka gaya musu da bakinka cewa kariya ce gare su, domin ranar da kaya suka ɓata, wanda bai taɓa riƙe abu biyu a hannu ɗaya ba shi ne zai kwana da mutuncinsa. Sannan, Alhaji, ka yi mini haƙuri in faɗi wannan: a mafi yawan wuraren da na shiga, wanda ya fi kowa karya tsari shi ne mai gida. Waya ɗaya daga wurin ɗaurin aure, "a ba wane kaya, zan yi magana da shi", ta rushe abin da aka yi wata ana ginawa. Dukiyarka ce, kana da ikon yin alheri da ita, ba mai hana ka. Amma umarninka ma ya shiga littafi, da rana da adadi da wa'adin biya. Idan yara suka ga sunanka a shafin farko na littafin kaucewa, ba sai ka yi musu dogon bayani ba.

Kada ka ce za ka gyara takardar duka a lokaci guda. Ka fara da fitar da kaya daga sito, tunda nan ne jini yake zuba. Mako na farko ka bi oda uku da ƙafarka, ka saurari mai sito da kashiya da direba kowa shi kaɗai. Mako na biyu ku rubuta shafi guda: a sama manufa cikin jimla ɗaya, ƙarƙashinta sharuɗɗan da ba a taɓawa, kada su wuce huɗu ko biyar, sannan hanyoyin da aka yarda da su da wanda ke da ikon zaɓar kowacce da iyakarsa, a ƙasa kuma sunan mutum guda da ke da alhakin shafin da ranar da za a sake duba shi. Jadawalin lambobi ya zauna a bayansa. Ku gwada shi wata guda a sito ɗaya tare da littafin kaucewa, ku gyara abin da littafin ya nuna, sannan ku ɗauki tsarin bashi ku yi masa haka. Allah ya taimaka, ya tsare dukiya.